Ƙullin Gyaɗa a Kan Kwamfuta

Aikina na farko bayan sakandare a ofishin wata ƙungiyar manoma ne a Kankia. Ni ke shigar da sunayen manoma, kwamfuta kuma ta riƙa tura masu farashin hatsi ta waya. Da aka ƙaro mutanen Kunduru da Kusada sai ta fara sandarewa. In danna, in danna, shiru. Ni kuwa ba ni da haƙuri, har marinta na taɓa yi.

Alhajin da ke shugabancin ƙungiyar ya ce finafinai na cika ta da su. Na ce ban sa ba. Ya ce in ba ta gyaru ba kafin ranar kasuwa, ɗiyar ƙaninsa na zaune a gida tana neman aiki.

Matar da ta haɗa mana tsarin ta biyo motar haya daga Katsina. Anti nake ce mata. Ko ruwa ba ta sha ba ta jawo kujera.

"Zo nan, sarauniyar gaggawa. Wannan abin ba ya ajiya a rumbu, a ka yake riƙe komi don ya amsa da sauri. Kan ne ya cika."

"Anti, sunaye ne fa kawai. Mi suna ya ɗauka?"

"Kin taɓa ƙulla gyaɗar saidawa?"

Na ce Innarmu sana'arta ke nan.

"To kwano guda, in kin ƙulla shi a leda ƙanana, zai koma cikin kwanon?"

Ba zai koma ba. Leda da iska da ƙulli su cika tire. Sai ta nuna mani: sunan manomi ƙulli guda, garinsa ƙulli guda, lambarsa wani, kowanne da ledarsa. Ledojin sun fi gyaɗar cin wuri. Ta buɗe inda ake ganin abin da kan ya ɗauka, ta ƙi taɓa komi, ta sa ni da hannuna na haɗe kayan kowane manomi a ƙulli guda. Ina kallo ma'aunin ya yi ƙasa, kwamfuta ta daina sandarewa.

Alhaji ya leƙo. "An goge finafinan?"

"Babu fim, Alhaji. Ni na tsara shi haka tun kuna 'yan kaɗan. Yarinyar nan ce ta gyara yanzu. Ka riƙe ta, in ba haka ba ni in ɗauke ta."

Bai ba ni haƙuri ba, amma ya aika aka sawo mana tsire. Na daɗe a ofishin nan. Allah ya saka wa Anti da alheri.