Muryar Yaya a Kasuwar Kore Mairuwa

Yayana ya yi sana'ar da Inna ba ta taɓa faɗa wa maƙwabta ba sai da tsaki. Finafinan zane yake fassarawa, irin na jaruman nan masu tashi sama suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Da Faransanci suke zuwa mana, shi kuma ya kulle kansa a shagonsa na cajin waya a Dogon Dutsi, ya ɗora musu muryarsa da Hausa, a zuba wa mutane a ɗan katin waya da muke kira memwar. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa mai kururuwa a bakin titi. Jarumin nasa har "mi kac ce?" yake yi, sai ka rantse a Matankari aka yanke masa cibi.

Ni ce ƙanwarsa, kuma ni ya fara horarwa a kan ƙa'idarsa. Finafinan nan ba kowanne da gidansa ba. Jarumin wannan shiri yakan leƙa cikin wancan, kuma abin da ya same shi a fim guda yana biye da shi duk inda ya sake bayyana. Yaya ya ɗauki abin nan da zafi kamar shi ya haife su. Na taɓa ganin ya hana wani magidanci kashi na biyar, wai don bai kalli fim ɗin da ke tsakani ba.

"In ka tsallake wanga, ba ka sanin abin da yas sa sunka bar gaisawa," in ji shi. Mutumin ya tafi yana zagi, washegari ya dawo.

Fim na ƙarshen da ya fassara ya tsaya ne inda wuta ta rutsa da jarumin cikin wani gini. Ci gaban bai iso mana ba har damina ta ƙi, shagon ya kasa ciyar da gida, Yaya ya bi 'yan garinmu arewa ta hamada. Sau biyu ya kira daga Agadas. Daga nan shiru.

Ya bar Inna, ya bar matarsa da ko shekara ba ta cika a ɗakinta ba. Shekara huɗu ta zauna da mu, tana daka, tana wanke wa Inna kaya, ba ta taɓa tambayar kowa sai yaushe ba. Da lokacin jiran mijin da ya ɓace ya cika, kawunmu ya je wurin malamai, suka ce a yi wa Yaya addu'a, ita ta yi takaba ta koma gidansu, Allah Ya ba ta wani rabon. Inna ta yi kuka kwana biyu, sannan ta yarda. Aka sa rana, aka surfa gero.

Saura kwana shida na je kasuwar Kore Mairuwa sayen kayan miya na sadakar. Da rana tsaka, ina ciniki, na ji Yaya yana dariya a bayana.

Tattasan da ke hannuna ya zube. Wata mai tuyar ƙosai ce ta jingina waya a gindin roba tana kallo. Na san muryarsa ta bazu a kasuwanni, na sha jin ta in kauce. Amma wannan karon na duba. Jarumin yana tsaye cikin wasu jarumai na wani shiri daban, da tabon ƙuna tun daga kunne har haɓa. Ya fito daga wutar ke nan. Labarin ya wuce inda Yaya ya bar shi, kuma ga muryarsa a kai.

Ni mai saurin baki ce, kowa ya sani, kuma ranar nan bakina ya cuce ni. Ban tambayi kowa komai ba. Na roƙi matar ta tura mini, na shiga mota, na faɗa gida ina haki na ce Yaya yana raye. Na zauna ina yi wa Inna bayanin wuta da tabo da abin da ya riga wani, ita da ba ta taɓa kallon ko ɗaya ba. Ba ta bi bayanina ba. Wayar ta karɓa ta kanga a kunne, ta rufe ido.

"Shi na," ta ce. "Ɗana na."

Aka fasa addu'a. Geron muka ci tuwonsa. Matar Yaya ta kwance kayan da ta fara ɗaurewa, ban ga ta yi murna ba, ban ga ta yi baƙin ciki ba.

Wata bakwai na yi ina bin sawun memwar ɗin. Mai ƙosai ta ce a Kiyeshe aka zuba mata, na Kiyeshe ya ce wani direba ya kawo, direban ya nuna mini wani shago a Tibiri. Na tafi da sabon zane a jikina, don ina tsammanin ko dai in gan shi, ko in samu lambarsa.

Wani mutum na tarar, gajere, mai furfura a gemu, yana gyaran rediyo. Na kunna masa wayar na tambaye shi ina mai wannan murya yake. Ya yi murmushi irin na wanda aka yaba wa aiki, ya gyara wuya, ya buɗe baki. Yaya ya yi magana daga cikin wannan baƙuwar fuska. Na zauna a kan benci.

"Malama, lahiya?" ya ce da muryarsa ta gaskiya. "Da tawa nif fara, mutane sunka ƙi. Sun ce jarumi ba ya sake murya tsakiyar labari. Shi na nik koyi ta mai aikin farko. Kin san shi?"

Na ce na san shi. Na so in zage shi, ban ga laifin da zan kama ba.

Da na dawo na samu matar Yaya a bakin murhu, na durƙusa na faɗa mata duka. Ta daɗe tana iza wuta. Daga ɗaki muna jiyo Inna ta kunna muryar a tata wayar, kamar kullum bayan la'asar.

"Kar ki hwaɗa mata," ta ce.

Na ce to ita fa, ai sai ta tafi gida.

"In na tahi, ai na hwaɗa mata ke nan."

Shekara uku ke nan da wannan magana. Inna tana nan da ranta, har ƙiba ta yi. Matar Yaya ma tana nan, a ɗakin da ni na mayar da ita.