Mode Wanzami da Sunan Ɗan Fari

Mode wanzami mutumin Lambara ne, ya gaji aska da ƙaho daga mahaifinsa, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Ranar kasuwa yakan rataya zabirarsa ya hau jaki, yau Boɗinga, gobe Shagari. Mutum ne mai tsoron Allah, sai dai gajen haƙuri gare shi, musamman da mazan da abu ke cin ransu suna amsa gaisuwa da lafiya lau.

A shekarar da aka sami mulkin kai, ƙyanda ta ɗauke Kabiru, ɗan farin Ladan, wani manomi a Boɗinga. Bisa al'ada uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ladan ya riƙe wannan kunya yaron yana raye, ya kuma riƙe ta a bakin kabarinsa. Masu ta'aziyya suka yi ta yabonsa, wai namiji ne, ko idonsa bai yi ja ba. Mode yana zaune yana jin su, ransa yana ɓaci.

Daga nan Ladan ya bar zuwa aski, ya bar zaman ƙofar masallaci, akushi ya riƙa komawa yadda aka kawo shi. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita, gonarsa tana kwance. In damina ta wuce shi, iyalinsa ba su da hatsin shekara. Wansa Husaini ya yanke cewa mugun jini ne, ya kai shi wurin Mode aka yi ƙaho. Bai canza ba, aka sake. Da ya kuma kawo shi, Mode ya yi jifa da zabira.

"Husaini, jinin mi kaka son in ƙara ɗiba? Mutum ya koma kamar kara! Ka taɓa zama ka tambaye shi abin da ka cin shi?"

"Mi za ni tambaya? Ƙaddara ta, kuma ya yi haƙuri, kowa ya gani."

"Kai dai ka gani. Tafi ka sayo min goro, kada ka yi sauri."

Wanda ake wa ƙaho bango yake fuskanta, ba mai ganin idonsa. Mode ya zaunar da Ladan a zaure, ya kafa masa ƙaho a baya, amma bai tsaga ba.

"Ni niy yi ma Kabiru askin suna," in ji shi. "Ya kama min yatsa ya ƙi saki, nic ce wanga yaro rikici za shi yi. Da ya girma kuwa ya kwance min jaki kasuwar Shagari, ina bin shi da zabira a ka."

Gadon bayan Ladan ya soma girgiza har ƙaho ya faɗi ƙasa.

"Kabiru," ya ce, karo na farko a rayuwarsa. "Shi ka riƙe min iri in ina shuka. Da wane ido za ni shiga gonag ga?"

Ya yi kuka, Mode ya ƙyale shi. Wannan kuwa ba saɓo ba ne, domin malamai sun tabbatar hawaye rahama ce. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da fushi da hukuncin Ubangiji.

Husaini ya dawo da goro ya ji shessheƙa. "Subhanallahi! Namiji da kuka?"

Mode ya tare ƙofa, aska a hannu. "Ka ƙara taku guda in aske ma rabin gemu. Gobe ni da kai muna gonatai, kuma kai ka riƙon iri."

Suka yi shuka a makare, Ladan yana sara, yana ba su labarin ɓarnar Kabiru. Geron bai cika rumbu ba, amma ya riƙe gidan har wata kaka. Har Mode ya tsufa yakan kafa wa maza ƙaho ba tsaga, yana mita cewa sun mai da zaurensa wurin hira.