Taswirar da Na Mayar wa Lubabatu

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, ranaku da yawa sun shige ba su bar mini komai ba. Amma ban taɓa mantawa da ranar da Lubabatu ta shigo ofishina da naɗaɗɗiyar taswira a hannu ba. Ku da kuka gaje mu a wannan aiki, ina so ku ji yadda abin ya kasance, domin ni na yi kuskuren, kuma ba za ku same shi a rubuce cikin kowane fayil ba.

Sunana Ladan. A lokacin ina mataki na goma sha biyu, ni ne babban jami'i mai duba taswirar gine-gine a ofishinmu da ke nan Sakkwato. Ga wanda bai san aikin ba, tsarin shi ne: duk mai son yin gini zai kawo takardun fili da zanen ginin. A buɗe masa fayil, a aiko mini. Ni kuma in ɗauko takardar ƙa'idoji in bi ta layi-layi: nisan gini da titi, faɗin tagogi, irin bulon da za a yi aiki da shi, hanyar ruwa, ramin bayan gida. In komai ya yi daidai sai in sa hannu, fayil ya haura wurin Darakta ya buga hatimi. In bai yi ba, sai in rubuta dalilai da jan biro in mayar. Akwai kuma hanya ta uku wadda ba mu cika bi ba: idan zane ya fita daga abin da aka saba amma jami'i na ganin yana da hujja, yana iya miƙa shi ga kwamitin ƙwararru su zauna a kansa.

Wata Talata ce cikin bazara, ba wuta, fanka a tsaye. Lubabatu ba ta wuce shekara talatin ba. Ta yi karatun zanen gini, wato akitek ce, kuma na san gidansu, gidan malamai ne a cikin tsohon gari. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa, Alhaji Sahabi, shi ya ba ta aikin. Yana da fili a gangaren Ƙofar Kware, inda gidaje ke ƙarewa fadama ta fara, ana hango gulbi daga wurin. Yana son benen haya na iyalai.

Da ta warware takardar a kan teburina, sai na gyara tabarau. Ban taɓa ganin irin wannan zane ba. Bene ne mai hawa uku, sassa goma sha biyu, amma ƙasansa fayau, ba ɗaki ko ɗaya, ginshiƙai kawai. Bangayen na tubalin jar ƙasa ne da ake matsewa da inji, masu kauri sosai. Kowane hawa ya ja baya daga na ƙasansa kamar matakala, ta yadda kowane sashe ya sami ƙaramar tsakar gida tasa a buɗe, da katanga mai tsawo. Bangon yamma kusan babu taga. Sannan ga wasu dogayen abubuwa guda huɗu sun ɗaga sama da rufi.

Na nuna su da biro na ce, "Akitek, waɗanga hwa? Hasumiya za ki yi mishi?"

Ta yi murmushi ta ce, "A'a Baba, nan iska ka shigowa daga gulbi, ta sauka cikin ɗakuna. Ko ba wuta mutum na iya kwana."

Ta bi zanen da yatsa tana yi mini bayani. Ta ce ƙasa ta bari a buɗe saboda fadama ce, in gulbi ya kawo ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, in kuma rani ne wurin ya zama inuwa, a ajiye babura, a yi taron suna. Kowane sashe tana ba shi ɗan zaure, domin baƙon maigida ya zauna bai shiga cikin iyali ba. Ɗakin girki kuma yana buɗewa cikin tsakar gida, saboda ta san matanmu da gawayi suke girki in gas ya ƙare, kuma suna son inda za su yi shanya su sha iska ba tare da maƙwabci ya gan su ba.

Na saurare ta har ta gama. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, bayaninta ya shige ni. A gidan ƙasa na girma, na san sanyin soro da tsakar rana. Amma sai na duba takardar ƙa'idoji. Takardar ba ta san tubalin ƙasa a bene ba. Faɗin tagogin yamma bai kai abin da aka ƙayyade ba. Kuma a shekarar nan nake sa ran ƙarin girma. Na ce a raina, in wannan abu ya tsage ko ya zube, sa hannun wa za a nema?

Ta ce, "Baba, ga sakamakon gwajin tubalin, injiniya ya sa hannu. Abu guda nika roƙo. Ka ba ni awa ɗaya mu tahi hilin da la'asar, ka tsaya ka ji inda iska ka hitowa."

Na ce mata ranar Alhamis. Alhamis ta zo na ce akwai taro. Ta dawo mako na gaba, na sa aka ce mata na fita, alhali ina ciki. Daga ofishinmu zuwa filin nan bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba, amma ban je ba. Ina tsoron in na je zan gamsu, in na gamsu kuma dole in kai maganar gaban kwamiti in tsaya mata.

Na shiga wurin Darakta da fayil ɗin, ba don neman shawara ba, don dai in sami wanda zan jingina da shi. Ya ɗaga shafi biyu ya ce, "Ladan, kai mi ka gani?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ya saɓa ƙa'ida wuri ukku." Ya ce, "To kai ka san aikinka." Da na ce masa a kai kwamiti, na tabbata ba zai hana ba. Ban ce ba. Na koma na rubuta dalilai uku da jan biro: a canza tubali zuwa bulon siminti, a faɗaɗa tagogi, a cire dogayen bututun iska domin ba su cikin tsarin da aka sani.

Ranar da ta zo karɓar fayil ta karanta a tsaye. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "In an cire waɗanga, Baba, ba gidan ba ne kuma." Na ce, "Ɗiyata, ni ƙa'ida nika bi." Ta naɗe takardarta ta yi mini sai an jima.

Alhaji Sahabi ba mai jira ba ne, yana son ya fara gini kafin damina. Ya karɓe aikin daga hannunta ya kai wa wani mai zane da ya san abin da ofis ke so. Aka kawo sabuwar taswira: bulon siminti, manyan tagogin gilashi ta kowane ɓangare, sassa goma sha shida domin an cike ƙasan da ɗakuna. Na bi takardar ƙa'idoji, ba inda ya kauce. An nuna an ɗaga harsashi kaɗan, nisa da bakin ruwa ya cika a takarda. Cikin kwana huɗu na sa hannu. Ƙarin girman kuma na samu a shekarar.

Bayan shekara uku, cikin watan Satumba, aka yi ruwa mai yawa, gulbi ya cika ya hau fadama. Masu haya suka kawo ƙorafi ofis, Darakta ya ce in je in duba in rubuta rahoto. Ranar ce na fara taka wurin.

Daga nesa benen na da kyau, an yi masa tayil mai ƙyalli. Da na matso sai na ga shatin ruwa a bango, ya kai gwiwar babban mutum. Sassa huɗun da ke ƙasa duk an kwashe. An baje katifu da tabarmi a kan katanga, warin laka ya cika wurin. Na ɗaga kai, sai na ga kusan kowace tagar yamma an toshe ta, wasu da kwali, wasu da bargo.

Wani mutum mai kimanin shekara hamsin yana tsugune yana jera littattafai a rana, yana buɗe su shafi-shafi. Ya ce sunansa Malam Nasiru, malamin makarantar sakandare ne, a sashen ƙasa yake zaune. Littattafan na mahaifinsa ne, wasu rubutun hannu, tawadar ta narke ta zama baƙin tabo. Ya ce da asuba ruwan ya shigo, da ƙyar suka ɗauko mahaifiyarsa, tsohuwa ce ba ta iya tafiya, suka haura da ita sama wurin maƙwabta.

Ya ce in zo in ga saman. Muka hau. A kan matakala wata mata ta kafa murhun gawayi tana girki, hayaƙi ya turnuƙe hanyar. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta matsa mana, tana ba da haƙuri, ta ce ɗakin girkin ba ya shiguwa. Muka shiga sashen da aka ajiye tsohuwar. Ƙarfe huɗu na yamma ne, cikin damina ma ke nan, amma da na shiga falon sai na ji kamar an rufe ni cikin mota. Na dafa bango, da ɗumi. Tsohuwar na kwance a ƙasa an jiƙa zane an lulluɓa mata, jikarta na yi mata fifita.

Malam Nasiru ya ce, "Wanga ba komi ba na. Ka zo cikin bazara ka gani. Maza waje muka kwana bisa tabarmi, mata kau ba su da inda za su. Shekara biyu iyali biyar sunka tashi." Ya ɗaga kwalin da ke jikin taga kaɗan, ga gulbi shimfiɗe, ga shinkafa kore shar har iyakar gani. Ya ce, "Dubi iskar da ka kaɗawa waje, ko kaɗan ba ta shigowa sai rana. Yallaɓai, don Allah, ku can ohis, wa yas sa hannu anka yi ginin ga nan? Ya taɓa zuwa wurin ga kuwa?"

Bai san ni ba ne. Fayil ɗin na ƙarƙashin hammatata, sa hannuna na shafi na biyu. Na ce masa, "Za mu duba, Malam."

Na sauko na tsaya a bayan ginin, ta gefen fadama. Iska mai sanyi na busowa daga ruwa, daidai ta inda Lubabatu ta nuna mini a takarda. Na daɗe a tsaye kafin na koma mota.

Rahoton da na rubuta ya ce a daina ba da hayar sassan ƙasa a lokacin damina, a haƙa magudana. An yi magudanar. Malam Nasiru ya tashi ya koma unguwar Gidan Dare, na ji daga baya mahaifiyarsa ta rasu a bazarar da ta biyo. Ba zan ce zafin gidan ne ba, kwananta ne ya ƙare. Amma na san shekarunta na ƙarshe ba ta ji daɗinsu ba, kuma da hannuna a ciki.

Saura wata shida in yi ritaya wani fayil ya zo teburina, benen haya a wajen Sama Road. Na duba sunan mai zane, Lubabatu ce. Na buɗe da sauri. Bulon siminti, tagogin gilashi, tayil. Ba tsakar gida, ba zaure. Babu kuskure ko ɗaya da zan sa wa jan biro. Na sa aka kira mini ita.

Ta zo, ta zama babbar mace, tana da ofishinta da ma'aikata. Na ba ta labarin abin da na gani a Ƙofar Kware, na ce mata ita ke da gaskiya, na nemi ta yafe mini. Na ce in tana da tsohon zanen nan ta kawo, ni da kaina zan kai shi kwamiti kafin in tafi.

Ta ce, "Na yahe maka tuni, Baba. Amma bayan ka maido min da shi na sake gwadawa sau biyu, masu gini sunka ce sun ji labari ohis ba shi yarda. Ina da ma'aikata da ka jiran albashi. Yanzu abin da ka wucewa shi nika zanawa." Ta miƙe ta ce, "In babu gyara, a sa min hannu."

Na sa mata hannu.

Ku sani, a duk tsawon aikina ba a taɓa tuhumata da karɓar ko sisi ba, kuma ba ginin da na amince da shi da ya rushe. An ba ni takardar yabo ranar da na ajiye aiki. Amma wannan aiki ya koya mini cewa jami'i na iya bin ƙa'ida daga farko har ƙarshe ya kuma cuci mutane. An rubuta ƙa'idar ne don gini ya tsaya, ba ta tambayar ko za a iya zama a cikinsa. Wannan tambayar ku za ku yi ta, kuma ba a amsa ta daga kan kujera. Idan wani ya zo muku da abin da ba ku saba gani ba, ku tashi ku bi shi ku gani da idonku, in da hujja ku tsaya masa a gaban manya. Masu kawo sabon tunani ba su da yawa a garin nan, kuma wadda na kora ba ta sake dawowa da shi ba.