Shaidar da amininsa ya rubuta a kan Dakta Habibu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin jirgin Metro da safen nan saƙo ya shigo: Dakta Habibu ya rasu. Ya faɗi a ofis a unguwar Port Saeed, nan Dubai, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Na wuce tashata ban sani ba.

Ga wanda bai san shi ba, malamina ne a jami'a a gida, shi ya koya mana dokar gado. Da na zo Dubai na tarar da shi a nan, mutum mai digirin digirgir a shari'a, yana duba wa wani kamfanin kargo takardun kwantena. Ranar da na fara ganinsa a wannan tebur kunya ta kama ni. Shi ko a jikinsa. Ya ce, "Barista Rabi, kwantena ma tana da haƙƙi. Zauna ki sha shayin karak."

Ban taɓa tsayawa a kotu ba, amma har ya bar duniya Barista yake ce min.

Satina na farko, wani dillali ya kusa sa ni sa hannu a takardar haya mai cuta a unguwar Al Warsan. Dakta ya hau bas ranar hutunsa, ya zo ya bi ta layi-layi da jan biro, ya ce, "Tashi mu tafi, 'yata."

To, yau ba zan iya ta'aziyyar ladabi ba. Na ga wani rubutu da safen nan ya tsaya min a wuya.

Ina aiki a kamfanin da ke nemo wa jami'o'i ma'aikata. Bara wata jami'ar Katolika a gida ta ba mu aikin nemo Dean, wato shugaba, da malamai na sabuwar tsangayar shari'a. Suna son wanda ya san dokar Bature, ya san ta Musulunci, don ɗalibansu a kotunan Arewa za su yi aiki. Ni na kai wa Dakta labarin. Ya yi dariya ya ce, "Fadan coci zai ɗauki mai gemu?" Na ce ya gwada.

Wallahi ya ci intabiyun nan. Fadan da ke shugabantar kwamitin ya riƙe shi kusan awa biyu suna muhawara kan wasiyya. Da aka kashe bidiyo ya ce da maigidana na wurin aiki sun samu mutuminsu, saura shaidu.

Ƙa'idar aikin ita ce mai nema ya ba da sunan mutum uku da za su shaide shi a rubuce, a asirce. Ba ya ganin abin da suka rubuta, mu kuma an hana mu faɗa. Biyu suka rubuta alheri. Na ukun amininsa ne na shekara da shekaru, wanda suke cin abinci kwano ɗaya duk Juma'a a Al Ras.

Ni na buɗe saƙon.

Ya rubuta cewa Dakta na da ilimi, amma yana da tsattsauran ra'ayi, ba zai iya zama ƙarƙashin coci lafiya ba, su yi hattara da ba shi matasa. Mutumin da ke riƙe wa abokin aikinsa Kirista ɗan Kerala ta Indiya tebur duk Lahadin da aiki ya kama shi, don ya samu ya je coci! Na roƙi maigidana mu nemi wata shaidar. Ya ce khalas, magana ta ƙare, abin da aka rubuta shi za mu tura. Kwamiti ya tsorata, suka ɗauki wani.

Dakta ya kira ni ya ce, "Gaya min gaskiya, ina na gaza?"

Na ce masa maƙalunsa ne suka yi kaɗan. Ƙarya na yi. Abin da ya fara zuwa bakina ke nan, ina tsoron aikina.

Ya ce, "Wannan ai mai gyaruwa ne." Sai ya duƙufa. Dattijo mai hawan jini, a tashi daga kargo ya zauna rubutu, ranar hutu rubutu, don cike giɓin da babu shi. Ni na ɗora masa wannan wahalar. Kuma kun san wa yake tura wa kowace maƙala ya duba masa? Aminin nan dai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu da suka wuce, a bakin ruwan Creek, ana loda kaya a jiragen katako. Ya rame. Ya ce bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma ya gaji, so yake ya koma gaban allo kafin ido ya tafi. Ya miƙo min kwalin dabino, tunda hanyata ce, in kai wa amininsa. Ya ce, "Ki ce masa na gode da tsaya min da ya yi bara."

Na kai. Ya karɓa, ya ce madalla, ya buɗe ya ci ɗaya a gabana.

Shi ne da safen nan ya riga kowa sa hotonsu tare, wai ya yi rashin ɗan'uwa. Ba zan kira sunanka ba, Alhaji. Ban san ko hassada ce ba, ko kuwa gani ka yi addini kake karewa. Amma na karanta, kuma yanzu ka san na karanta. In rubutun nan ya ci aikina, ya ci.

Ga abin da ba ka sani ba. Jami'ar ta sake buɗe neman malamai. Ranar Litinin Dakta ya sake turo takardunsa, da sababbin maƙalu uku. Bai ma nemi Dean ba, a dai ba shi aji. A gurbin shaida na farko, sunanka ya sake sawa.

Anjima bayan la'asar za a binne shi a nan. Bai koma ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da yara haƙuri. Ni kuma Allah ya yafe min, don shi ban ba shi damar yafe min ba.

Don Allah ku yi masa addu'a. Duk wanda ya zauna da shi, Musulmi ko Kirista, ya rubuta abin da ya sani a kansa a nan ƙasa, da sunansa, inda 'ya'yansa za su gani.