Na Kasa Ture Kwanon Mahaifiyata

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da yadi a Kasuwar Kurmi, daga safe har la'asar ina zaune wuri guda. Mahaifiyata na zaune a Dukawuya, kullum na tashi kasuwa sai na biya na gaishe ta. Kafin in gama zama ta ajiye mini kwano: funkaso da man shanu, ko shinkafa jage-jage da mai, ga alkaki, ga lemon kwalba. Sai ta ga na suɗe hankalinta ke kwanciya. In na koma gida kuma in ci na iyali.

Jiki ya buɗe, tumbi ya sauko, abokan kasuwa suna ta cewa Alhaji an ji daɗi. Ni kuwa gwiwoyina ciwo suke, kasala ba ta sakina. Da na je asibiti, likita ya auna jinina, ya ce kitsen cikina ne ke haddasa wani kumburi na ɓoye da ke cin jiki a hankali, kuma zaƙi da soye-soye ke ƙara rura shi. Ya ce in koma ga wake, ganye da kifi, in riƙa tafiya a ƙasa.

A gidana na gyara, amma a gaban mahaifiyata na kasa. Sau ɗaya na ture kwanon, sai ta tambaye ni ko girkin nata ne ya tsufa kamar yadda ta tsufa. Na jawo na cinye. Shekara uku ina haka, ina ci ina tsoro, har ciwon sukari ya kama ni.

Wata rana ruwan sama ya tsare ni a gidanta har magariba. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, na jawo kujera na yi salla a zaune, ita kuwa da shekarunta saba'in da ɗoriya ta kai goshinta ƙasa. Da ta sallame ta tsare ni da tambaya, na faɗa mata komai. Sai ta ce 'ya'ya huɗu ta binne, ashe ɗayan da ya rage na bari tana cutar da shi da hannunta.

Yanzu kwaɗon zogale take yi mini. Na rage nauyi, amma gwiwar ba ta dawo ba. Na ɗauka biyayya nake yi, ashe kunya ce kawai. 'Yan'uwa, duk wanda likita ya gargaɗa, ya faɗa wa mai dafa masa abinci tun da wuri. Ɓacin ran yini ɗaya na guje mata, na bar ta da nadamar da har yau ban iya cire mata ba.