Ranar da Na Kira Sarkin Fawa da Sunan Yanka

Ku da za a tura ku koyar da manya, ku matso. Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na kira Sarkin Fawan Illela da sunansa na yanka ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, ni kuwa sabon malamin fata ne na En'e, wato wanda ake aikawa ya koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya ta a inuwa maimakon a ƙasa. Likitan dabbobi, wani Bature mai saurin fushi, ya ba ni kwana bakwai. Ya ce ran Lahadi, ranar kasuwa, zai zo. In ya tarar da fata ɗaya a ƙasa, in ajiye aikin in koma gidan ubana.

Ran Litinin na kafa allo a gindin tsamiya, na jera mahauta a tabarma, na buɗe rajista, yadda aka yi mana a makaranta. Na ce, "Mamman." Shiru. Na ƙara ɗaga murya. Sai wani dattijo ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Ɗan malam, wanda yar raɗa min sunan ga ya daɗe cikin ƙasa."

Ya juya, duk mahauta suka bi shi. Ashe Sarkin Fawa ne.

Washegari na wuni ni da allona, ko kare bai leƙo ba. Fatu kuwa ga su nan shimfiɗe a rana, an kafe su da turaku.

Ran Laraba na bar allon, na tafi mahauta, na tuɓe takalmi na durƙusa gaban Sarkin Fawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi wauta. Ko ɗan akuya ban taɓa feɗewa ba, a takarda na gani. Ka nuna mini."

Ya dube ni. "To mi kaz zo koya muna?"

Can ya sa aka rataye jar akuya. Sau ɗaya ya tsaga da wuƙa, sauran da dunƙulen hannu ya saɓule fatar kamar riga, ba huda ko ɗaya. Abin da littafina ke ta fama ya faɗa ke nan.

Abu ɗaya na roƙa: a shanya fata guda a ƙasa, guda kuma a ɗaure ta a miƙe cikin rumfa, a ga bambanci. Ran Asabar ya murza su da yatsa, ya shinshina, ya yi tafiyarsa. Na koma masauki na ɗaure kayana, don na ɗauka aiki ya ƙare.

Lahadi da hantsi Baturen ya sauko daga doki, ina biye da shi. Filin shanya fayau. Fatu duk suna cikin rumfunan kara, waɗanda ban san lokacin da aka kafa su ba. Ya sa tafinta ya tambayi wanda ya koyar da su.

Sarkin Fawa ya nuna ni da haɓa. "Yaron ga ya fara ganewa. A bar muna shi, ba mu gama koya mai ba."

Aka bar ni. Shi ya sa nake ce muku, babba ba ya zuwa wurinka hannu wofi. Fara tambayarsa abin da ya sani, ka bar idonsa ya yanke hukunci. Kuma kafin ka buɗe rajista, ka san wanda ke zaune a gabanka.