Tayi Ɗaya da Aka Yi wa Yaya Bukar

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar na Kirikasamma, amma har yau in na ga littafin nan sai raina ya ɓaci.

A zamanin Turawa aka ɗauke shi daga makarantar da yake koyarwa a Haɗeja, aka kai shi wata jami'a a Ingila. Shekara huɗu ya yi can. Da safe ya koya wa samarin Turawan da za a turo mana di'o-di'o, wato jami'an mulki, Hausa, da yamma ya zauna da wani farfesa yana zayyana masa harkar su, wato kamun kifi, a fadamarmu: yadda ake hawa gora, inda tarwaɗa ke laɓewa in ruwa ya janye, ranar da sarkin ruwa ke buɗe tafki. Ɗan masunta ne, da ka yake faɗa, Bature na rubutawa.

Da aiki ya kammala ya zama littafi, farfesan ya tambaye shi ko a sa sunansa a bangon littafin. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ni wane ne?" Ko yaro a Haɗeja ya san wannan kara ce. Tuwo ma in an yi maka tayi, sai an maimaita kake wanke hannu. Mutumin da ya shekara ashirin yana nazarin Hausawa ya ce bai san haka ba? Ya sani sarai. Ya ce to, bai sake yin tayin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In na tayar da zancen sai Yaya ya ce, "Bari, Modu, ni na ce a'a." Ni dai ban bari ba.

Watan jiya jikarsa Falmata ta zo mini da littafin daga jami'a, wai malaminsu ya ce duk mai rubutu kan kogin Haɗeja dole ya ambaci Baturen. Da Yaya na raye me zai ce? Na san shi, murmushi zai yi, ya ce ai ilimin bai ɓata ba. Gaskiya ne, iliminsa na nan, sunansa ne babu.

Na buɗe mata shafin da aka ba da labarin "wani tsohon masunci" mai yatsu tara. Na ce mata wannan mahaifinmu ne. Na miƙa mata alƙalami, na ce ta rubuta sunan kakanta a bangon. Ba ta jira na maimaita ba.